Babi na Bakwai: Inda Soja Ya Ja Layi

Dungu ba garin bariki ba ne. Ƙaramar hukuma ce ta manoma a gundumar Kance, wadda mazauninta ke Matameye, cikin jihar Damagaram ta Nijar: gero da dawa da gyaɗa a tudu, rake da kayan lambu a fadama. Babban barikin yankin yana can birnin Zinder. Duk da haka, yaron da aka kai lakwal a Dungu bana, harshen da zai riƙa ji a bakin mushe, wato malami, da jarrabawar da zai zauna, da sunan takardar da za a ba shi in Allah ya sa ya kammala, duk buƙatar soja ce ta yanke masa su tun kakan kakansa yana goye.

Wanda ya bi kwalta daga Matameye ya yi kudu zai iske Ɗan Barto, ya tsallaka iyaka zuwa Kwangwalam ta Nijeriya, ya wuce Mai'aduwa, ya shiga Daura. Jama'ar ɗaya ce, ana auratayya, ana cin kasuwar juna, ana zuwa ta'aziyyar juna a kan babur. Amma ɗan wannan gefe yana farawa daga CI ya kai CM2, ya shiga kolej, ya nemi BEPC da bak, duk da Faransanci. Ɗan wancan gefe kuma firamare ce da sakandare, da WAEC da NECO, da Ingilishi. 'Ya'yan wa da ƙani ne, amma kowa ya ɗauki takardar ɗan'uwansa sai ya nemi mai karanta masa. Babu iyakar makaranta a ƙasar Hausa da ta kai wannan girma, kuma waɗanda suka ja ta ba makaranta ce a ransu ba.

A watan Mayun 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju na Faransa a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Da shekara ta zagayo, a ƙarshen Yulin 1899, dakarun Faransa suka ci rundunar Damagaram a Tirmini, suka shiga gari, suka kafa sansani a kan duwatsun da ke gefen Birni. Sansanin nan, wanda yau yake ɗauke da sunan Sarki Tanimu, yana buƙatar harsashi da albashi da wasiƙu da sababbin sojoji, kuma duk daga bakin kogin Kwara suke fitowa. Daga Zinder kuma wasu su zarce tafkin Cadi. A nan matsalar ta taso.

Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a Faris ranar 14 ga Yunin 1898, mutanen da ba su taɓa taka ƙasar ba ne suka zana ta. Sun kafa tsinin alƙalami a kan Sakkwato, suka ja rabin da'ira mai nisan mil 100 daga birnin, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Daga nan suka bi miƙaƙƙun layukan taswira zuwa gabas. A takarda abin ya yi kyau. A ƙasa kuwa, ayarin sojan Faransa da ya taso daga kogi sai ya zagaya ta arewa, ta ƙasar da rijiyoyinta ke nesa da juna, kafin ya gangaro Zinder. Garuruwan ruwa da hatsi, irin su Birnin Konni da Maraɗi da Magarya, duk sun faɗa ɓangaren Ingilishi. Hafsoshin Faransa suka yi ta kuka cewa an ba su bariki an hana su hanyar zuwa barikin.

Ranar 8 ga Afrilun 1904 ƙasashen biyu suka sasanta rigingimunsu na sassan duniya a zama ɗaya. Faransa ta saki wani tsohon haƙƙi da masuntanta ke da shi a gaɓar tsibirin Niyufanlan, can kusa da Kanada, ita kuma Ingila ta yarda a matsa da iyaka kudu domin a samu hanya mai ruwa daga Kwara zuwa Cadi. Aka rubuta cewa a bar wa Faransa talakawan Tasawa da Maraɗi da Damagaram. Aka ƙara daidaita zancen a Landan a watan Mayun 1906, sannan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa da ma'aikatansu suna kafa alamomi, guda 148, aikin da ya ƙare a 1908. Da an bar layin farko, da iyaka ta ratsa kilomita kaɗan kudu da Matameye, da yau 'yan Magarya WAEC suke zaunawa. Ashe har busasshen kifin Kanada yana da hannu a cikin abin da mushe ke rubutawa a allo a Magarya.

Da layi ya zauna, kowane gefe ya tsiro da irin makarantarsa. A arewa ƙasar soja ce, sunanta ma ke nan a hukumance har farkon shekarun 1920, kuma Zinder ce babban birninta daga 1911 zuwa 1926. Azuzuwan farko a cikin sansanoni aka buɗe su, saje-saje da tafintoci ke koyarwa, abin da ake nema kuma masu fassara ne da magatakarda. Faransanci zalla ake yi. Ana tilasta wa sarakuna su kawo yara, su kuwa sau da yawa sukan ɓoye nasu su tura na barori da talakawa. A kudu, Hans Bisa, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawar Kano a 1909, ya fara da Hausa a rubutun boko, sannan Kwalejin Katsina ta biyo baya a farkon shekarun 1920. Ba wai Ingilishi sun fi son ilimin talaka ba ne; su ma 'ya'yan sarakuna da malaman ofis suke nema. Amma bambancin harshen farawa ya bar tabo mai zurfi. Nijar ta karɓi mulkin kai a 1960 alhali yaran da ke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. Sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke fara koyarwa da Hausa, kuma a Zinder aka buɗe ta. A 2025 sabon kundin da gwamnatin soja ta kafa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma na aiki. Ko wannan zai sauka daga takarda ya shiga aji a Dungu, sai an ga littattafai da malaman da aka horar.

Almajiri ne kaɗai layin bai taɓa tsayarwa ba. Tun kafin Tilho har gobe, yaran Kance da Magarya suna bin malamansu zuwa Kano da Zariya da allo a hammata, babu mai tambayarsu takardar sauyin makaranta.

Wannan shi ne babban layi. Akwai ƙarami, wato katangar barikin kanta, kuma ƙasar da ta fi kowa shan wahalarsa ita ce Amurka. Can ba gwamnatin tarayya ke riƙe da makarantu ba. An yanka ƙasar gunduma-gunduma, kowace tana da hukumar makarantunta, adireshin gidan yaro ne ke nuna makarantar da zai shiga, kuma kaso mai tsoka na kuɗin yana fitowa ne daga harajin gidaje da filaye na mazauna gundumar. To filin bariki na tarayya ne, ba a biyan haraji a kansa. Lokacin yaƙin duniya na biyu da bayansa, sai a wayi gari an kafa sansani a gefen ƙaramin gari, an ɗebe filin da a da ake karɓar haraji a kai, an kuma sauke dubban yara a ƙofar makarantar garin. Mutanen gari su ce ba za su ɗauki nauyin 'ya'yan baƙi ba, sojoji su ce ba su suka zaɓi inda aka turo su ba. A 1950, zamanin Shugaba Truman, majalisa ta yi doka biyu: ɗaya ta gina azuzuwa, ɗaya ta biya gundumar kuɗi bisa yawan 'ya'yan ma'aikatan tarayya da ke makarantunta. Har yau ana biya, har yau kuma gundumomin suna ƙorafin cewa kuɗin ba ya kai yadda dokar ta ƙiyasta. Duk lokacin da aka ƙara bataliya ko aka rufe sansani, sai an sake zaman ja-in-ja kan inda layin makarantu zai bi, iyaye su cika zauren taro, domin matsar da layi da titi ɗaya yana iya sauya wa yaro makaranta, ya kuma sauya kuɗin gidan ubansa.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihinsu ya faru ne a jihohin kudu, inda doka ta raba makarantun baƙar fata da na farare. Truman ya hana wariya a cikin soja a 1948. Sai ga soja baƙi da fari suna aiki tare, suna zaune a unguwa ɗaya cikin bariki, amma da safe motoci biyu ke kwasar 'ya'yansu. A 1951 wata shugabar makaranta mai suna Mildred Poole ta haɗa yaran a aji ɗaya a barikin Fot Brag da ke Karolina ta Arewa, shekara uku kafin Kotun Ƙoli ta haramta wariyar a 1954. Wato akwai lokacin da abin da ke cikin katanga ya fi na waje adalci, har na waje ya biyo sahu. Daga baya kuma, ganin cewa ɗan soja yakan sauya makaranta sau shida zuwa tara kafin ya gama sakandare, jihohin suka ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu, wadda duka 50 suka shiga zuwa 2014, cewa takardun yaro su bi shi, kuma kada a mayar da shi baya don an yi wa ubansa sauyin wurin aiki.

A Nijeriya wata hanya aka bi. Sojan da bai wuce mutum 10,000 da 'yan kai ba kafin yaƙin basasa ya kumbura ya kai wajen 250,000 a 1970, kowa da iyalinsa, barikoki ba su isa ba, balle azuzuwa. Rundunar ta shiga gina nata makarantun: firamaren 'ya'yan soja a cikin bariki, da sakandaren da ake kira Kwamand. Kafin su akwai makarantar soja ta Zariya, wadda aka kafa a 1954, inda irin su Tunde Idiagbon da David Mark suka fito, amma ita ta horar da yara aikin soja ce, kamar takwararta ta Yamai da aka buɗe a 1996. Wanda ya san Bukabu da Janguza a Kano, ko Giginya a Sakkwato, ko Basawa a Zariya, ya san cewa bariki gari ne sukutum, da kasuwarsa da asibitinsa da masallaci da coci da makaranta.

Makarantun nan sun yi suna, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Malami yana zuwa a kan lokaci domin akwai mai tambayarsa, yajin aiki ba ya rufe su, katanga tana hana a mayar da filin wasa kasuwa. Aka buɗe wa farar hula ƙofa, su biya kuɗin da ya fi na ɗan soja. A ido wannan adalci ne. Amma duba wanda ke shiga. Mai mota ne daga tsakiyar birni, wanda zai iya biya, wanda kuma ya san wani hafsa. Manomin da barikin ke maƙwabtaka da shi, wanda wataƙila gonar kakansa ce aka kewaye, ɗansa yana wuce ƙofar da safe ya tafi makarantar gwamnati mai yara ɗari a aji. Babu layin da aka ja a taswira, amma kuɗi da sanayya sun ja nasu. Tun da aka kai harin bam a cocin barikin Jaji a Nuwamban 2012 da makamantansa, shiga bariki ya ƙara wuya, kuma babu mai ganin laifin soja a kan haka.

Wani zai ce mene ne haɗin Dungu da wannan, tunda a Nijar daga Yamai ake biyan malamai, ba daga harajin unguwa ba? Haɗin yana nan a gini. Tun 2016 aka miƙa wa ƙananan hukumomi nauyin gina firamare da kula da ita, kuma kuɗin da ya kamata ya biyo nauyin bai cika biyowa ba. Ƙasa ce da hukumominta da kansu suka ƙidaya azuzuwan zana kimanin 36,000. A Afrilun 2021 gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a Yamai, yara wajen 20 suka rasu. A Nuwamban shekarar aka sake yi a Maraɗi, aka rasa fiye da haka. A gefe guda, a 2020 ministan tsaro ya shaida wa majalisa cewa za a ninka yawan soja daga 25,000 zuwa 50,000 cikin shekara biyar, daga baya kuma aka ambaci 100,000 zuwa 2030. Sojan nan ba daga sama za su faɗo ba. Samarin karkara ne irin na gundumar Kance, mai mutane kusan 400,000 a ƙidayar 2012, inda gona ta yi wa magada kaɗan. Za su yi aure, za su haihu, za a kafa sababbin sansanoni a garuruwan da makarantarsu ko yanzu ba ta ɗauke yaran gari ba. Sojan da aka tura fagen daga kuma yakan mayar da iyali gida, yaron da ya fara CE1 a Agadas ya ƙarasa shekara a ƙauye wajen kakarsa, in an yi sa'a takardunsa sun iso kafin hutu. Sansanonin Faransa da suka tashi a Disamban 2023, da na Amurka a Agadas da ya tashi a 2024, ba su zo da iyali ba, saboda haka ba su taɓa cika wa kowa aji ba. Na gida su ne masu 'ya'ya.

Taswirar makarantu, wadda ma'aikatar ilimi ke amfani da ita wajen sanin inda za a buɗe sabuwar lakwal da kolej ɗin da kowace firamare za ta tura wa ɗalibai, da yawan mazauna take aiki. Ba ta san da zuwan kamfanin soja ba sai ya sauka. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ranar da ma'aikatar tsaro ta zaɓi filin bariki, ranar ya kamata sufeton makarantu ya san yara nawa ke tafe, kuma kuɗin azuzuwansu ya fito daga aljihun da ya gina barikin. Amurkawa sun kai ga wannan tun 1950, bayan sun sha rigima. Ba sai mun sha tamu ba.

Sauran layi ɗaya, kuma shi ne mai ɗaci. A shekarun nan, inda soja ya tsaya nan makaranta ke buɗe, inda ya janye nan take rufewa. A Dapci ta jihar Yobe, ranar 19 ga Fabrairun 2018, aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantarsu. Gwamnan jihar na lokacin, Ibrahim Gaidam, ya fito ya ce an janye sojan garin kwanaki kaɗan kafin harin, rundunar kuma ta amsa cewa ta mayar da su wani fagen ne. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020 da na Jangebe a Fabrairun 2021, jihohin Katsina da Zamfara suka rufe makarantun kwana na karkara. A Nijar, makarantun da aka rufe a jihar Tillaberi sun haura 800 a 2023, aka riƙa tattara yaran a garuruwan da ke da tsaro, irin su Walam. Haka aka yi a Diffa tun 2015. Babu wanda ya kira wannan gyaran iyakar makarantu, amma shi ne: an naɗe taswirar an mayar da ita kewayen sansanoni. Yaron da iyayensa ke da dangi a gari ya ci gaba da karatu. Yarinyar da ba a yarda ta kwana a gidan wani ba, nata ya ƙare.

A nan sai an yi hattara, domin kusanci da soja kariya ce kuma haɗari ne. Da zarar soja ya sauke kaya a cikin aji, ya girke bindiga a kan rufi, makarantar ta zama abin hari, kuma ko ya tashi zargin ba ya tashi. Abin da sanarwar kare makarantu ta birnin Oslo ta 2015 ke nufin hanawa ke nan. Nijar da Nijeriya duk sun amince da ita a shekarar, har Abuja ta karɓi taronta na huɗu a Oktoban 2021. A ganina wurin soja shi ne hanya da bakin gari. Harabar makaranta ta malami ce.

Damagaram ta kudu, alhamdu lillahi, ba ta ga irin abin da Tillaberi ta gani ba, kuma wannan ne ya sa take da lokacin shiri da wasu ba su samu ba. Tun Afrilun 2024 da aka rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ne ke riƙe da su, da yawansu masu kaki. Alƙalamin da ke sa hannu a kan inda za a gina aji ya sake komawa hannun soja. Tilho da O'Shee suna da uzuri, domin a zamaninsu babu lakwal ko ɗaya a ƙauyukan da suka ratsa. Na yau ba su da shi. Iyayen da ke cikin kwamitin kula da makaranta a Dungu da Matameye da Ɗan Barto, duk ranar da suka ji ana auna filin sansani a yankinsu, su je wurin kantoma su tambaye shi aji nawa za a gina tare da shi, wa zai biya, kuma ko 'ya'yansu za su zauna a ciki.